Akwatin Kayan Aikin Mai Haɗa Kwamfuta

Sana'ar haɗa kwamfutar tebur ba ta da dogon tarihi irin na ƙira ko jima ko rini, duka-duka shekarunta hamsin ne. Amma a wannan ɗan lokaci kayan aikinta sun sake kama sau da yawa. Ni da na koyi aikin a Kano a ƙarshen shekarun 1990, a hannun wani maigida da ya faro daga gyaran rediyo da talabijin, na ga kayan da a da ba a aiki sai da su sun koma tarkace a ƙasan durowa, na kuma ga waɗanda suka ƙi tsufa. Duk wanda ya bi diddigin waɗannan kaya zai gane cewa abu guda ne ya haifi sana'ar, shi ne kuma yake riƙe da ita: kamfanoni masu gaba da juna sun yarda su yi aiki da awo ɗaya.

Masu haɗin farko da ƙarfen narka dalma suka fara. A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta Amurka ta buga hoton kwamfutar Altair 8800 a bangonta. Wani ƙaramin kamfani mai suna MITS a garin Albuquerque ne yake sayar da ita, kuma yawancin masu saye a warwatse ake aiko musu da ita: allo daban, 'yan ƙananan kayan lantarki daban, wayoyi daban. Sai mutum ya zauna da dalma da filaya da abin fere waya, ya lilliƙa su ɗaya bayan ɗaya. Ɗigon dalma guda ya kauce, aikin makonni ya tashi a banza. Shi ya sa a wancan zamani sai wanda ya san lantarki ciki da waje yake shiga harkar.

IBM ne ya buɗe ƙofa ga sauran jama'a. Ranar 12 ga Agusta 1981 ya fito da kwamfutarsa ta tebur, wadda wata tawaga ƙarƙashin Don Estridge ta ƙera a Boca Raton ta jihar Fulorida. Saboda gaggawa, ba su tsaya ƙera dukkan sassanta da kansu ba. Furosesa suka sayo daga Intel, manhajar sarrafawa daga Microsoft, suka bar ramuka biyar da za a iya cusa ƙarin kati, sannan suka buga littafin da ya bayyana zanen cikinta. Ba a jima ba Compaq ya fito da irinta a 1983, kamfanin Phoenix kuma ya fara sayar da BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ga duk mai so a 1984. Daga nan masana'antun Taiwan irin su MSI da Gigabyte da ASUS suka shiga ƙera madabod. Kati daga wannan kamfani, ram daga wancan, akwati daga na uku, kowa ya zauna a gurbinsa. A ranar da hakan ta tabbata, dalma ta ja baya, sukundireba ya zama shugaban akwati.

Shi kansa sukundireba sita ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Henry Phillips, wani ɗan kasuwa a Oregon, shi ya yaɗa notin mai kan giciye a shekarun 1930, kamfanin General Motors ya fara amfani da shi a motar Cadillac a 1936. Lamba 2 daga cikinsa shi ne wanda har yau yake kwance kusan kowane noti a jikin kwamfutar tebur. Darasin farko da ake koya wa yaron shago shi ne bambance noti biyu masu kama da juna. Akwai mai kaurin zare, 6-32, na awon Amurka, wanda yake riƙe murfin akwati da fawa-fak da babban faifan ajiya. Akwai mai siririn zare, M3, na awon milimita, wanda yake riƙe na'urar CD da ta fulofi. Wanda ya tilasta wani a ramin wani ya cinye zaren har abada. Sai kuma 'yan ƙafafun tagulla da ake ɗaurawa tsakanin madabod da ƙarfen akwati. Idan aka manta da ɗaya a inda babu rami, ya taɓa bayan allon, kwamfutar ba za ta tashi ba, wani lokacin ma allon ya ƙone.

Jakar kayan aiki ta shekarun 1990 cike take da abubuwan da yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Akwai ɗan awartakin zare cif daga soket, tun daga zamanin da ake dasa ram ƙwaya-ƙwaya. Akwai wani ɗan ƙarfe mai farce uku na tsamo notin da ya faɗa lungu. Akwai sukundireba mai kan tauraro shida, Torx, saboda Compaq da shi yake ɗaure kayansa. Akwai kuma hantsaki, wanda ya fi kowa shan aiki, domin da shi ake matsar da jamfa, wato 'yan robobin da ake sawa a kan fil biyu don gaya wa madabod gudun furosesa da ƙarfin wutar da yake sha, ko a nuna wane faifai ne babba wane ne mabiyi a kan faffaɗar wayar nan mai fil 40. Littafin madabod a lokacin kayan aiki ne cikakke, idan ya ɓata an shiga uku. Wutar tsohon tsarin AT kuwa da kawuna biyu take zuwa, P8 da P9, masu kama ɗaya, kuma ana iya juya su. Dokar da kowane shago yake maimaitawa ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Wanda ya saɓa, hayaƙi ne zai ba shi amsa.

Intel ya kawo sauƙi a 1995 da tsarin ATX. Ya tsayar da girman allo a milimita 305 da 244, ya tsayar da wurin kowane rami, ya mayar da wuta kai guda mai fil 20 wanda ba ya shiga sai ta fuska ɗaya. A shekarar ce Windows 95 ta fara gane kati da kanta, USB ya biyo baya a 1996, siririyar wayar SATA ta kori faffaɗar daga 2003. Sannu a hankali hantsaki ya samu hutu. Abin lura shi ne akwatin ATX da aka saya shekara ashirin da suka wuce zai karɓi madabod ɗin bana, ramukan ba su matsa ba.

Amma da gudu ya ƙaru sai zafi ya ƙaru, wani sabon kaya ya shigo: man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, don cike 'yan ƙofofin iskar da ido ba ya gani. Kamar ƙwayar wake ake ɗigawa a tsakiya, ba a cikawa. Duk wanda ya yi aiki a zamanin Athlon na Socket A, wajen shekarar 2000, ya san fargabar danna maƙalin fanka da sukundireba filat. Furosesan tsirara yake ba murfi, gefensa na iya gutsurewa, hannu kuma yana zamewa ya karce madabod. A 2004 Intel ya mayar da fil daga jikin furosesa zuwa cikin soket da tsarin LGA 775, sai gilashin ƙara girma da fitila suka zama dole ga mai miƙe fil ɗin da ya lanƙwashe.

Duk wannan tarihin waje ne. Namu ƙarin, yanayin ƙasarmu ne ya rubuta shi. Bayan da wayar salula ta zo a 2001, shagunan buga takardu da na shiga intanet suka cika gari, masu tace finafinan Hausa kuma suna neman injuna masu ƙarfi. Kaya suna tasowa daga Computer Village ta Ikeja zuwa shagunan titin Beirut a Kano, sababbi da na hannu. Da yawa daga na hannun daga Amurka suke, inda wutar gida ba ta wuce volt 120 ba, mu kuwa 230 ce tamu. A bayan tsohon fawa-fak akwai wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Duba shi kafin jona wuta ya zama farilla, domin injuna masu yawa sun mutu a daƙiƙar farko saboda shi. Hawa da saukar wutar NEPA kuma ya sa sitabilaiza da UPS suka zama ɓangaren haɗin, ba a cewa an gama sai an lissafa da su. Mita ma ba ta barin tebur: a haɗa koriyar waya da baƙa fawa-fak ya tashi, a auna a ga ko volt 12 da 5 da 3.3 sun cika.

Sai hunturu. Littattafan Turawa suna gargaɗi a kan wutar da take taruwa a jikin mutum, amma mu ne muke zaune da ita wata uku ko huɗu a shekara, domin busasshiyar iska ce take tara ta. Sai ta kai dubban volt kafin mutum ya ji tartsatsinta, alhali wadda ba ta kai haka ba ta isa ta illata ram ko furosesa, kuma illar ba lallai ta bayyana a ranar ba. Maganinta ɗan madauri ne na wuyan hannu mai waya da ake maƙalawa a ƙarfen akwati. Inda babu shi, maigidana ba ya bari a taɓa allo sai an fara dafa ƙarfen, a kuma riƙe kowane kati ta gefensa. Ƙurar hunturun ita ta kawo bulowa da buroshi mai laushi, don fankar da ta toshe furosesa take dafawa.

Kayan ɗora manhaja ma sun bi nasu zamanin: fulofi mai cin megabait 1.44, sannan jakar faifan CD, yanzu filash guda ya wadatar. Yau idan yaro ya tambaye ni abin da zai saya, jerin gajere ne: sukundireba sita lamba 2 mai ɗan maganaɗisu, ƙarami na notin faifan M.2, man furosesa, madaurin hannu, robobin ɗaure waya da abin yanke su, fitila, mita, filash, da ɗan kwanon zuba noti. Da kuɗi kaɗan ya kafa sana'a.

Wannan araha ita nake jin tsoron mu rasa. Kwamfutocin cinya da yawa yanzu ram ɗinsu a liƙe yake da allo, batir a manne da gam, Apple kuma tun 2009 ya fito da noti mai kunne biyar da sukundireban kasuwa ba ya kwancewa. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano sun koma ga dalma da injin hura zafi da madubin likita, kayan da ba kowane mai koyo yake da kuɗinsu ba. Har Tarayyar Turai sai da ta kafa dokar haƙƙin gyara a 2024. Mu da kuɗin sayen sabo yake mana wuya mun fi su buƙatar injin da ake buɗewa a canza abu ɗaya a ci gaba da aiki. Don haka shugaban makaranta ko ofis ko cibiyar jarrabawa da zai sayi kwamfutoci, ya tambayi mai sayarwa ko madabod da fawa-fak ɗinsu na tsarin ATX ne, ko ana iya ƙara musu ram. Amsar ita za ta nuna ko injin zai yi shekara goma yana aiki, ko kuma mai gyaran unguwa zai duba shi ya ce ba shi da yadda zai yi.