AutoCAD: dabarun da ke rage wa mai zanen gini ɓata lokaci da asara

AutoCAD manhaja ce ta zane a kwamfuta wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a watan Disamban 1982. Da ita masu zanen gidaje, injiniyoyin hanyoyi da masu awon filaye suke aiki a ofisoshi da dama na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma ɗaliban fannin gine-gine sun san da wuya a ɗauke su aiki in ba su iya ta ba. Sai dai iya jan layi daban, iya aiki da sauri daban. Mafi yawan lokacin da ke salwanta yana tafiya ne wajen gyaran abin da ba a tsara ba tun kafin layin farko, kuma kuskuren da ya tsallake zuwa wurin gini da siminti da ƙarfe ake biyansa.

Awo na gaskiya, sikeli daga baya

Ƙa'idar farko ita ce a zana kome da girmansa na ainihi a filin zane, wanda manhajar Faransanci ke kira Objet. Bango mai mita 4 a ba shi 4. Rage girma zuwa 1/100 ko 1/50 aikin shafin bugawa ne, wato Présentation. Wanda ya yi zane da mita a kan takarda mai milimita zai rubuta 10XP a tagar shafin don ya samu 1/100, ko 20XP don 1/50, sannan ya kulle tagar kar sikelin ya motsa. Haka kuma ya kamata ofis ya tsaya a kan ma'auni ɗaya. Idan wani yana aiki da mita, abokinsa da santimita, ƙofar da aka kwafo daga wannan zane zuwa wancan tana iya fitowa ta ninka girmanta sau 100. Saitin INSUNITS ne ke hana haka: 6 mita, 5 santimita, 4 milimita.

Akwai tarkon da ya fi kama waɗanda suka yi karatu da Faransanci. A makaranta an saba rubuta 0,20 da waƙafi, amma AutoCAD ɗigo take so, 0.20. Waƙafi a wurinta yana raba lambobin matsayi ne, na kwance da na tsaye.

Kalk da bulok

Kalk sunan takardar nan ce mai shara-shara da masu zane na da suke ɗorawa a kan juna. A manhajar ma haka yake: bango a nasa kalk, ƙofofi da tagogi a nasu, wayoyin wuta, bututun ruwa, rubutu da awo kowanne daban. Launi da kaurin layi a bar su su bi kalk ɗin. Amfanin yana bayyana ranar da mai haɗa wuta ya zo neman nasa zanen: a kashe abin da bai shafe shi ba, a buga masa cikin minti biyu. Zanen da aka jibge duka a kalk 0 kuwa, duk wanda ya gaje shi sai ya yi kamar ya sake shi daga tushe.

Abin da ke maimaituwa, kamar ƙofa mai 0.90, taga ko masai, a mayar da shi bulok. Idan mai gida ya sauya ra'ayi a kan tagogi 24 na wani bene, gyaran bulok ɗaya ya isa duka su sauya. Bayan an tsara kalk, salon rubutu, salon awo da akwatin sunan ofis, sai a adana su a fayil mai ƙarshen .dwt, kowane sabon aiki ya tashi daga nan. Wannan kaɗai ya fi duk sauran dabarun rage wahala, amma shi aka fi yin sakaci da shi.

Hannun hagu a kan madannai

Gwanaye ba su cika neman gumaka da linzami ba, gajerun haruffa suke bugawa. A manhajar Faransanci L na jan layi, DC na fitar da kaurin bango, AJ na datse abin da ya wuce, DP na gusarwa, CP na kwafa. Dogon maɓallin tazara yana maimaita umarnin da aka gama. F8 yana miƙe layi a kwance ko a tsaye, F3 yana kama ƙarshen layi ko tsakiyarsa daidai, abin da ido ba ya iyawa. Kusurwar da ba ta haɗu ba ita ce ke sa umarnin AIRE ya ba da faɗin da ba shi ne ba, alhali daga wannan lissafi ake sayen tayil.

Wanda ya koyi aikin a Kano ko Katsina da manhajar Ingilishi ba sai ya sake haddar kome ba. Ya sa ƙaramin layin ƙasa kafin cikakken sunan umarnin, kamar _OFFSET ko _TRIM, zai yi aiki a manhajar kowane harshe.

Masu awon filaye

Nijar ta ratsa yankuna uku na tsarin UTM. Yamai da Tawa suna cikin na 31, Maraɗi da Damagaram na 32, Difa na 33. Lambobin da aka ɗauko da GPS a wani yanki, in aka zuba su a zanen wani yankin, filin zai faɗa ɗaruruwan kilomitoci nesa da wurinsa. Don haka a rubuta yankin a jikin zanen. Kada kuma a gusar da zanen awo ko a juya shi don ya yi kyau a takarda, domin lambobin iyakoki za su sauya, kuma rigimar fili tsakanin maƙwabta daga irin wannan take farawa. Tagar shafin bugawa ake juyawa.

Ɗaukewar wuta da musayar fayil

Manhajar tana adana aiki da kanta kowane minti 10, kuma ana iya rage shi zuwa 5 da SAVETIME, musamman a watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. Idan kwamfuta ta mutu ana tsakar aiki, a nemi fayil mai ƙarshen .sv$ ko .bak, a sauya ƙarshen zuwa .dwg, zai buɗe. A lura, .sv$ yana gogewa da zarar an rufe zanen lafiya, saboda haka bai maye gurbin kwafi a kile USB ba. Zanen da ya yi nauyi a wuce da shi ta PURGER da CONTROLE, wanda ya ƙi buɗewa a gwada RECUPERER.

Tsohuwar manhaja ba ta buɗe sabon tsarin DWG. Tsarin ya sauya a 2010, 2013 da 2018, don haka kafin a aika wa wani aiki a tambaye shi wace shekara yake da ita, ko a adana masa a tsarin 2010. Magini da mai gida PDF ya ishe su, yana buɗewa a waya kuma layi ba ya gocewa a cikinsa.

Tun 2016 Autodesk ta daina sayar da lasisin dindindin, sai na biya lokaci-lokaci. Ɗalibai da malamai suna iya samun na shekara ɗaya kyauta in sun nuna shaidar makaranta. Mai ƙaramin ofis kuma yana da LibreCAD, wadda kyauta ce kuma tana aiki da fayil na DXF, ko BricsCAD da ZWCAD, waɗanda ke buɗe DWG kai tsaye kuma umarninsu ya yi kusa da na AutoCAD.