Makarantar Midil ta Bauchi da Siyasar Arewa

'Yan uwa marubuta, in muna neman inda siyasar zamani ta tsiro a Arewa, mu leƙa ɗakin malamai na Makarantar Midil ta Bauchi. A can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar har ya zama hedimasta, a can kuma aka tura Malam Aminu Kano bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1942. Su biyun, tare da Sa'adu Zungur, suna cikin 'yan dandalin tattaunawa na Bauchi, inda ake tambayar abin da ba a saba tambaya ba: me ya sa En'e ke mulki babu mai tuhumarta? Tun Turawa na kallon abin wasa, har ya dame su.

Malam Aminu bai tsaya a allo ba, yakan rubuta wasan kwaikwayo ɗalibai su yi, a soki zalunci ana dariya. Ya ajiye alli a 1950, shekarar da aka kafa NEPU.

Mu kuwa, da yawanmu mun gama sakandare ba a taɓa ba mu labarin nan a aji ba, domin a lokacin an ture darasin tarihi gefe. Wasanninsa ma, mu nawa ne muka karanta?