Tarihin Ƙungiyoyin Aminan Laburare a Turai da Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin ƙungiyoyin sa kai waɗanda ke tara kuɗi domin tallafa wa ɗakunan karatu na jama'a, wato laburare, a Ingila da Faransa da Amurka. A yau an fi sanin waɗannan ƙungiyoyi da sunan Aminan Laburare. Za a nuna cewa matsayinsu ya sauya har sau uku. Da farko su ne masu kafawa, daga baya suka koma mataimaka, sa'an nan a zamanin tsuke bakin aljihu aka nemi a ɗora musu kayan duka. Abin da ya haɗa matakan uku shi ne tambaya guda: ina aikin mai sa kai ya tsaya, ina kuma haƙƙin hukuma ya fara?

2.0 Zamanin Karo-karo

Kafin hukumomi su sa hannu a wannan sha'ani, masu son karatu su ne ke haɗa kai su sayi littattafai. A shekarar 1731 Benjamin Franklin da abokansa suka kafa laburare a birnin Filadelfiya. Mutum 50 suka zuba sule 40 kowanne, bisa sharaɗin za su riƙa biyan sule 10 duk shekara. Wannan tsari ya bazu ƙwarai, har ma irinsa ne aka buɗe a Ikko a 1932. Amma yana da aibi babba, domin wanda ba shi da kuɗin shiga ba shi da rabo.

Laburaren da kowa zai shiga kyauta bai yawaita ba sai da kuɗin jama'a ya shigo. Garin Peterborough na jihar New Hampshire ya yi haka a 1833. A Ingila kuwa, Majalisar Dokoki ta zartar da Dokar Laburare a 1850, wadda ta yarje wa garuruwa masu mutane fiye da 10,000 su karɓi harajin da bai wuce sisin kwabo a kowane fam na ƙimar gida ba. Abin mamaki, dokar ba ta yarda a sayi littattafai da kuɗin ba, sai dai a kashe su kan gini da ma'aikata da makamantansu. Saboda haka lokacin da aka buɗe laburaren Manchesta a 1852, gidauniyar da mutanen gari suka kafa, attajirai da ma'aikata, ita ce ta samar da gini da littattafan farko. Sai a 1855 aka ɗaga harajin zuwa kwabo ɗaya, aka kuma halatta sayen littattafai da shi. Ba a cire wannan iyaka ba sai a 1919. Ke nan tun daga tushe doka ce ta bar giɓi, masu sa kai kuma suka cike shi.

3.0 Ƙungiyoyin Mata da Sharaɗin Carnegie

A Amurka ƙungiyoyin mata ne suka fi kowa ɗaukar wannan nauyi, musamman bayan da suka haɗu ƙarƙashin tarayya ɗaya a 1890. Sukan bi gida-gida suna karɓar littattafai, su sayar da abinci da kayan ɗinki, su kama hayar ɗaki, su kuma riƙa zaman jiran masu aro bi da bi ba tare da albashi ba. Wasu kuma suka riƙa aika akwatunan littattafai zuwa ƙauyuka. Wani ƙiyasi da ake jingina wa Ƙungiyar Laburarori ta Amurka ya nuna cewa kashi uku cikin huɗu na laburarorin jama'a na ƙasar, mata ne suka assasa su.

A wannan zamani ne attajirin nan mai masana'antar ƙarfe, Andrew Carnegie, ya shiga fage. Tsakanin 1883 da 1929 an gina laburare 2,509 da dukiyarsa, 1,689 daga ciki a Amurka. Abin lura shi ne sharaɗin da ya gindaya. Shi gini kawai yake bayarwa, gari kuwa sai ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara wajen tafiyar da laburaren. A garuruwa da yawa matan nan ne suka nemi taimakon, su ne kuma suka shawo kan masu biyan haraji su amince. Ta haka aikin masu sa kai ya ƙaru da wani sabon reshe, wato matsa wa hukuma lamba ta karɓi nauyin da ke kanta.

4.0 Bayyanar Aminan Laburare

Sunan Aminan Laburare ya fara fitowa ne a Faransa, inda aka kafa ƙungiyar aminan Laburaren Ƙasa a birnin Faris a 1913. A Amurka an kafa ta farko a garin Glen Ellyn na jihar Illinois a 1922. Jami'ar Harvard da laburaren Bodleian na Oksfod suka bi sahu a 1925, sa'an nan aka kafa Aminan Laburarorin Ƙasa a Ingila a 1931.

Aikin waɗannan ƙungiyoyi ya sha bamban da na magabatansu. Su sun tarar da laburare a tsaye da ƙafarsa, don haka suka mai da hankali kan abin da kasafin kuɗi ba ya iya kaiwa gare shi. Misali mafi shahara shi ne na 1933, lokacin da gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta sayar wa Gidan Tarihi na Birtaniya wani tsohon kundin Baibul na Girkanci, wanda aka rubuta da hannu a ƙarni na huɗu, a kan fam 100,000. Fiye da rabin kuɗin daga gudummawar jama'a ya fito, gwamnati ta cika sauran. A ƙananan garuruwa kuwa, hanyoyin samun kuɗin aminai su ne kuɗin zama ɗan ƙungiya, da wasiyya, da gwanjon tsofaffin littattafai. Da su ake sayen kujeru da kayan aiki, ake kuma shirya wa yara karatun hutu.

5.0 Zamanin Tsuke Bakin Aljihu

A watan Yuni na 1978 masu jefa ƙuri'a a jihar Kalifoniya suka amince da rage harajin gidaje zuwa kashi 1 cikin 100 na ƙimarsu. Da yake laburarori da wannan haraji suka dogara, sai aka rage lokutan aiki, aka sallami ma'aikata, aka rufe wasu rassa. A shekarar da ta biyo, 1979, aminai suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, wadda a 2009 ta haɗe da ƙungiyar amintattun laburarori a ƙarƙashin Ƙungiyar Laburarori ta Amurka.

A Birtaniya abin ya fi tsanani. Ko da yake dokar 1964 ta wajabta wa ƙananan hukumomi a Ingila da Wales samar da laburare, matakan tsimi da aka ɗauka daga 2010 sun sa an rufe rassa kusan 800 kafin ƙarshen 2019. Wasu ɗaruruwa kuma aka miƙa su ga mutanen unguwa su tafiyar da kansu. Masu goyon bayan wannan mataki suka ce da babu gara ba daɗi. Masu suka kuwa suka kawo hujjoji biyu. Na ɗaya, mai sa kai ba ya maye gurbin ƙwararren ma'aikaci wajen zaɓen littattafai da tsara su. Na biyu, unguwar masu hali tana da 'yan fansho masu ilmi da sukuni, alhali unguwar talakawa, wadda ta fi bukatar laburare, ba ta da su. Idan aka bar lamarin ga gudummawa kaɗai, aibin da aka gudo a tsarin 1731 shi zai dawo.

6.0 Kammalawa

An ga yadda masu sa kai suka riga hukuma kafa laburare, da yadda suka ja ta ta shigo, da kuma yadda ta nemi ta zame ta bar su. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma tarihin nan ya nuna cewa kowane hannu da gefen da ya dace ya riƙe. Gudummawa takan zo ta wuce, don haka ta fi dacewa da abin da ake yi sau ɗaya, kamar gini ko sayen kundi mai tsada. Albashi da wuta da sababbin littattafai kuwa bukatu ne na kullum, ba abin da ke ɗaukarsu sai haraji. Wannan shi ne abin da Carnegie ya hango a sharaɗinsa, kuma ƙungiyoyin da suka fi amfanar da garuruwansu su ne waɗanda suka tara kuɗi, suka kuma tsaya kai da fata sai hukuma ta biya nata kaso.