Fatar Sakkwato da Aka Laƙaba wa Sunan Maroko

Daga nan Gidan Igwai nike magana, kuma yau kan jima za mu tattauna, wato sana'ar gyaran fata da kakanninmu sunka gada tun kafin a kafa Sakkwato hedikwatar daula a 1809.

Bari in fara da abin da ya ba ni haushi ranar da na fara jin sa. Shekaru aru-aru Turawa na sayen wata fata mai laushi da ƙarko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita, suna kiranta fatar Maroko. Alhali kaso mai yawa na fatar nan daga ƙasar Hausa ta fito, daga jikin jar akuyar nan tamu da ake kiwo tsakanin Sakkwato da Maraɗi. Ayarin raƙuma ke ɗaukarta, su bi ta Damagaram da Agadas su ƙetare Sahara zuwa biranen Arewacin Afirka. Bature ya saya a bakin teku, sai ya sa mata sunan inda ya gan ta. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa ana kai takalma da jajayen fatu daga can har Tarabulus.

To yaya ake aikin? Sana'ar ta bi hannu uku, kowa da gidansu. Mahauci ya feɗe, majemi ya jeme, baduku ya ɗinka. Majemi kan jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare ta, sannan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ke hana fata ruɓewa. Bayan nan a shafa mai, a murza har ta yi laushi. Jan launin kuwa daga karan dafi ake samun sa. Duk kayan aikin nan a dajinmu da gonakinmu suke.

Fatar kuma tana cikin rayuwar kowane gida. Gafakar da malam ke sa Alƙur'ani, buzun salla, gugan rijiya, salkar matafiyi, kuben wuƙa, kayan adon doki ranar hawa, duk aikinsu ne. Yaro na koyo a gindin mahaifinsa tun yana ƙarami, masu sana'ar suna da sarkinsu mai sasanta rigima da tsawata wa mai ha'inci. Shi ya sa har yau in ka shiga tsohon gari za ka ji shiyyoyi masu sunan sana'a, irin Madunka.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya kudu zuwa Legas. Kamfanonin Turawa sun fi son ɗanyar fata busassa, su kai ƙasarsu su jeme da kansu. Aikin da ke ƙara wa fata daraja sai ya fara barin hannunmu. Yau ga takalmin roba ya cika kasuwa, fatar shanu kuma mai yawa ganda ake yi da ita a cinye.

Amma mu ma da laifinmu, 'yan uwa. Mu nawa ne munka taɓa toshe hanci in mun wuce majema, ko mu ce wa abokinmu ɗan baduku cikin raini? Sannan mu tara kuɗi mu sayi jakar waje don an ce fata ce ta asali.

Abin da nike roƙo kaɗan ne. Sallar layya mai zuwa, kada ka bari fatar ragonka ta ruɓe a bayan gida, a zuba mata gishiri a kai wa masu ita. In kana da waya mai kyamara, je ka zauna da dattijon majemi, ka naɗi bayaninsa da izininsa tun yana raye. In za ka sayi takalmi, fara leƙa dukawan garinku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.