Katin QSL: shaidar maganar da ta bi iska

Jama'a masu saurare, a filin tarihi na wannan mako mun waiwayi masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke kafa na'urar aika magana a gidajensu da lasisin hukuma, su yi hira da takwarorinsu na nesa ba don kuɗi ba. Matsalar da suka fara cin karo da ita, duk wanda ya taɓa sayar da sa a kara ya san ta: an yi magana, iska ta ɗauke, to wa zai shaida?

Maganin ya samo asali ne daga jiragen ruwa. A shekarar 1912, watanni kaɗan bayan nutsewar jirgin Titanic, ƙasashe suka yi taro a Landan kan sadarwar rediyo, suka amince da wasu gajerun alamomi masu haruffa uku da ke farawa da Q, don Bafaranshe da Bajamushe su fahimci juna ko ba tafinta. Cikin irin waɗannan akwai QSL, ma'ana saƙonka ya iso. Masu rediyon sha'awa suka ari alamar suka mai da ita kati na gidan waya. Ɗaya daga cikin tsofaffin katunan da aka sani an aika shi a 1916 daga birnin Buffalo zuwa Philadelphia a Amurka.

Darajar katin ta ƙaru da zango ya yi nisa. A watan Nuwamban 1923, Léon Deloy a birnin Nice na Faransa da Fred Schnell a Amurka suka yi musayar saƙo a gajeren zango, karo na farko da 'yan sha'awa suka ji juna ta ɓangarorin biyu na tekun Atlantika. Daga nan kowa sai ya ce ai ya kai wuri kaza. To ina shaida?

Shi ya sa katin yake da ƙa'ida. Ana rubuta lambar kira ta tashoshin biyu, da rana, da lokaci a agogon GMT don kada bambancin awa ya kawo gardama, da mitar da aka yi hirar. Sai maki: fitar murya daga 1 zuwa 5, ƙarfinta daga 1 zuwa 9. A ƙasa kuma mutum kan faɗi kayan tasharsa: wace na'ura, wat nawa, wace irin eriya. Wannan ba alfahari kawai ba ne. In ka ga wani ya iso gare ka da wat 10 da waya ɗaure a bishiya, ka koyi abin da za ka gyara a taka.

Lambar kira kuwa kamar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbarsa ce, ita ke faɗin inda ta fito. Ta Nijar tana farawa da 5U, Najeriya 5N, Cadi TT, Kamaru TJ, Benin TY, Ghana 9G. Marigayi Sarki Hussein na Jodan ma yana da tasa, JY1. Tun 1937 ƙungiyar ARRL ta Amurka take ba da takardar yabo ga wanda ya tabbatar da hira da ƙasashe 100. Da yake tashoshin Nijar da Cadi ba su da yawa, katinsu ya zama abin nema a Turai da Japan. Saboda tsadar kan sarki, ƙungiyoyin ƙasashe suka kafa ofisoshin tara katuna, a aika su a dunƙule, wani lokaci kati ya shekara a hanya.

A 2003 ARRL ta buɗe rajista a intanet. Kowane ɓangare zai shigar da littafin hirarsa, kuma ba a karɓa sai lamba da mita da lokaci sun dace a ɓangarorin biyu. Takarda ta ragu, amma sharaɗin bai canja ba: bakin mutum ɗaya ba ya tabbatar da magana.

'Yan'uwa masu fatauci a kan iyaka, yau bashi da ciniki da yawa a waya ake ƙulla su, da baki kawai. A rubuta rana, a rubuta adadi, ɗayan ma ya rubuta nasa. Wanda kuma ya ga na'urar aika magana a kasuwa ya yi sha'awa, ya fara neman izinin hukumar sadarwa ta ƙasarsa, domin lasisin wannan tsallake ba lallai ya yi aiki a wancan ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.