Ƴan Mishan, Kutare da Karatun Boko a Ƙasar Maraɗi

Gabatarwa

Masu tarihin rubutun Hausa sun fi mayar da hankali a kan Zariya da Kano, inda aka kafa hukumomin talifi. Manufar wannan maƙala ita ce a duba wata hanya dabam da boko ya biyo ya shigo jihar Maraɗi, wato hanyar ƴan mishan da marasa lafiyar da suka yi jinya, sa'an nan a ga abin da masu tsara yaƙi da jahilci za su tsinta a ciki.

Zuwan ƴan mishan

A shekarar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan. Biyu na farko sun rasu a 1894, Bingham kaɗai ya koma gida. Shi ne ya raya ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Ƙungiyar ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, kuma kafin shekarun 1920 su ƙare ta kafa mazauni a Tsibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi.

Ba su sami karɓuwa da sauƙi ba. Malamai da sarakuna suna da addininsu da karatunsu na ajami. Hukumar Faransa kuwa tana zargin waɗannan baƙi masu jin Ingilishi, ga kuma dokar 1922 wadda ta wajabta Faransanci a makarantun da ba na gwamnati ba. Saboda haka ƴan mishan suka karkata ga abin da ya rage a hannunsu, wato magani da harshen Hausa.

Kuturu a idon Bahaushe

Bahaushe bai kori kuturu daga gari ba. Ya ba shi sarauta tasa, Sarkin Kutare, ya kuma ba shi sadaka, har ya sa shi cikin karin magana: kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Amma karin maganar da kanta tana nuna cewa sai da kuɗi ake kula shi. An san shi da bara, ba a sa ran ya warke, balle ya riƙe alƙalami.

A Arewacin Nijeriya, wajen 1937, SIM ta karɓi ragamar zangunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A Nijar ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sa'an nan na kutare a Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Maganin wancan zamani, ƙwayar dafson, shekaru ake yi ana shan ta. Sai a farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magunguna mai gajarta jinya. Doguwar jinyar nan ita ce ta ba mai wa'azi lokacin koyarwa, ta kuma ba majinyaci lokacin koyo.

Littafi da harshe

Abin karantawa yana nan tun da wuri. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya taka rawa babba a cikinsa. Masu fassara sun ɗauki kalmomin da Musulunci ya riga ya shigo da su, kamar Allah da annabi da zunubi da Almasihu, amma suka zaɓi Yesu a maimakon Isa, suka kuma shigo da irin su baftisma. Ta haka talaka wanda bai taɓa taka lakwal ba ya iya karanta harshensa da baƙaƙen Rumawa, tun kafin gwamnati ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, kuma kafin taron Bamako na 1966 ya zauna a kan daidaita rubutu.

Sai dai wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. Jinƙan ba ya rabuwa da burin juyar da mutum ga Kiristanci, kuma mai ciwo ba shi da ƙarfin musu da mai ba shi magani. Wannan ya ƙara wa jama'a zargin cewa boko ƙofar barin addini ne. Har ila yau, kamar yadda Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006, Kiristocin ƙasar sun yi kuka da mishan saboda jan ƙafa wajen ba ƴaƴansu ilmin Faransanci, wanda shi ne mabuɗin aikin gwamnati.

Aikin bai tsaya ga kuturta ba. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, ya fara yaɗa dabarar renon tohon itatuwa a gonaki, wadda manoma suka kira sassaben zamani, ta kuma bazu har Tasawa da Mayahi. A 2012 aka buɗe asibitin mata masu yoyon fitsari a Danja.

Kammalawa

Darasi biyu ne a nan. Na farko, karatu ya fi kama jiki idan ya zo tare da biyan wata bukata ta zahiri, cikin harshen mai koyo. Na biyu, idan aka ɗaura masa sharaɗi, to zargi zai bi shi har jikoki. Muna kira ga masu bincike da su shiga ƙauyukan Kona da sauran ƙasar Tasawa da Mayahi, su tambayi dattawa inda suka fara ganin baƙaƙen boko da wanda ya koya musu, su kuma tattara tsofaffin littattafan koyon karatu tun gara ba ta gama da su ba.