Asalin Turancin Ingilishi

Yaran firamare a Dutsin-Ma da Kurfi kan rera sunayen ranakun mako da Turanci, malam yana buga tebur da tsumagiya. Kaɗan ne suka san sunayen gumaka suke kira.

Ga yadda abin ya faro. Wajen shekara ta 410 Rumawa suka janye daga tsibirin Birtaniya, suka bar mutanen ƙasar ba mai tsaron su. An ce wani sarki ya ɗauko sojan haya daga hayin teku don su kore masa mahara. Baƙi suka ga ƙasa mai albarka, suka aika gida a taho. Ƙabilu uku suka zo daga arewacin Jamus da Danmak: Angul da Sakson da Jut. Ana jin Sakson sun samo sunansu daga wata gajeriyar wuƙa da suke ɗaurawa a ƙugu.

Daga Angul aka sami sunan Ingila. Sakson kuwa suka mamaye kudu, har yau akwai Essex da Sussex, wato Sakson na gabas da na kudu. 'Yan ƙasar da suka tura yamma kuwa, Sakson suka laƙaba musu suna mai ma'anar baƙi, shi ya zama Wales. Ka ji ƙarfin hali, ɗan zuwa na kiran mai gida baƙo!

Mu da Musulunci ya zo, muka ɗauki Litinin da Talata daga Larabci. Ƙabilun nan uku kuwa Kiristanci ya fara shigarsu a 597, amma ranaku suka ƙi sakin tsofaffin sunaye. Tuesday ta gunki Tiw ce, Wednesday ta Woden, Thursday ta Thunor mai tsawa.

Sarki Alfred na Wessex, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya sa aka juya littattafai daga Latin zuwa harshen gida don mutanensa su karanta.

A 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci ƙasar, Faransanci ya zama harshen fada. Talaka Basaksone ya ci gaba da kiwo yana kiran saniyarsa cow. In an yanka ta aka kai gaban sarauta, sai ta koma beef, da bakin masu cin ta.